Hular Kwano Sai Ta Zauna A Kai

Tun 2009 da aka tsananta dokar hular kwano, har wasu a Kano suka kifa ƙwarya a ka, ana kukan zafinta. Gaskiya ne, ranar bazara tsakanin Rabah da Sakkwato ba wasa ba ce. Amma babban laifin na awo ne. Maigida kan sayi ƙatuwa don ya ɗora bisa kube; ran da ya faɗi, ita ce za ta fara tashi. Kafin ku biya, ku ɗaure igiyar haɓa, ku girgiza kai. In ta juya, ta yi yawa. In ta matse goshi, a rataye jikin babur za ta ƙare. Fara mai ƙofofin iska ta fi sanyi. Ta gwanjo kuwa, wadda ta taɓa buguwa, soson cikinta ya riga ya mutu.