Takardar fili ba ta faɗin abin da ke binne

Mutanenmu a Libreville sun iya bin takardar fili har ofishin ANUTTC, amma ba mai tambayar abin da ƙasar ta sha. Filin da ke dab da jujin Mindoubé, ko tsohon garejin da aka yi shekaru ana zubar da baƙin mai, gubarsa na iya gangarawa rijiyar da yara ke sha. Nan Gabon ma, a Mounana, inda aka haƙi yuraniyom har 1999, sai da aka rushe gidajen da aka gina da tarkacen ma'adinin. Shawarata, 'yan'uwa: a tambayi dattawan unguwa tarihin wurin, a kai ƙasa da ruwa gwaji, sannan a biya. Araha ba ta ado.