Gwangwarasa: Gishirin da Ake Sayowa daga Nesa

Matar da ta sayi ƙullin omo a kasuwar Kalgo ko ta Gwandu ta koma Maruda da shi, ba sinadarin wanki zalla ta saya ba. Wani kaso na garin nan gishiri ne da masana ke kira sodiyam salfet. Ba ya fitar da dauɗa. Aikinsa shi ne ya ƙara wa garin auki, ya kuma hana shi dunƙulewa.

Masana'antar omo ce ta fi cin wannan gishiri a duniya, amma ba ita kaɗai ba. Masu narka gilashi suna zuba shi don ya kore ƙananan kumfa. Masaƙu suna sa shi a ruwan rini don launi ya kama auduga bai ɗaya. Kamfanonin takarda kuwa suna amfani da shi wajen sarrafa ruwan da ake dafa itace. Busasshensa ake nema, domin ɗanyen nau'insa, wanda Bajamushe Johann Glauber ya gano a 1625, fiye da rabin nauyinsa ruwa ne, kuma babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin dakon ruwa.

Sin da Sifaniya da Meziko suna cikin manyan masu samar da shi, Najeriya kuwa shigo da shi take yi da dala. Abin takaicin shi ne, gishirin ba baƙo ba ne a wannan yanki. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri da kanwa, ya nuna cewa ana kwasarsa a tafkunan Manga, kudu maso gabashin Nijar, fatake suna kai wa majema. Sunansa a bakinsu gwangwarasa.

Wannan ba ya nufin gwangwarasar kasuwa za ta shiga inji kai tsaye. Gauraye take da kanwa da yashi, alhali masana'antu suna neman tsabtar da ta kai kusan kashi 99 cikin ɗari, ga na Sin da araha. Wanda ya gina kamfani bisa labarin fatake kaɗai, zai yi asara.

Saboda haka matakin farko awo ne, kuma ba ya buƙatar babban jari. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake Kalgo, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, suna da sassan ilimin sinadarai. Kwarin Foga, inda aka daɗe ana dafa gishiri, yana nan kusa da Gaya, ƙetaren iyakar Kamba. Ya kamata su haɗa hannu da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a ɗebo samfur daga Foga da Manga, a auna yawan salfet da kuɗin tace shi, a wallafa sakamakon. Da alƙaluma a hannu ne mai jari zai san ko ya sa kuɗinsa, ko ya ci gaba da jiran jirgin ruwa a Legas.