Raddi Ga Masu Cewa Al'ada Ce Ta Hana Matasa Gona

Wani ra'ayi ya yi ƙarfi a tarurrukan masana harkar noma, wai tsarin gargajiya na riƙon ƙasa ne ya tare wa matasa hanyar gona, kuma maganin abin shi ne a auna kowace gona, a yi mata takardar mallaka, a bar kasuwa ta yi halinta. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafafunta.

Suka ce a al'ada ɗa ba ya samun gona sai uba ya rasu. Mai wannan magana bai san gandu ba. Saurayin da ke noma a gandun mahaifinsa yana da gayaunarsa, yana shiga cikinta bayan an tashi daga aikin gandu, abin da ya girbe kuma nasa ne. Uba shi ke ciyar da shi, shi ke yi masa auren fari. Polly Hill ta ga wannan tsari a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana shi a littafinta na 1972. Ban da gayauna akwai aro, akwai jingina, akwai haya, akwai noma-mu-raba. Baƙo ma kan je wurin mai gari a nuna masa daji ya sare, wanda ya dace da hukuncin raya matacciyar ƙasa da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi wallafa a kansa. Duk waɗannan ƙofofi ne na wanda bai ci gadon komai ba tukuna.

Suka ce takarda za ta ba matashi damar karɓar bashin banki. Wane matashin? Takarda sunan mai riƙe da gona take ɗauka, uba ko babban wa, ba ƙanen da ke nema ba. Kuma da zarar gona ta zama hajar sayarwa, mai ita zai daina ba da aro, ya jira mai kuɗi daga birni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta haura shekara 40 tana aiki, ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon yanka wa mai nema har hekta 500 don noma. A zagaya ƙauyuka a tambaya ko samari nawa ne suka samu ko da hekta ɗaya ta wannan hanya.

Suka ce dagatai da masu unguwanni na sayar da filayen jama'a. Wannan kam yana faruwa, kuma cin amana ne, al'adar kanta ta hana shi. Amma a tuna da Bakolori: aikin madatsar ruwa na gwamnati ne ya raba manoma da gonakinsu, da suka yi bore a 1980 aka buɗe musu wuta. Gonakin bayan garin Kano da suka koma fuloti ma ba gandu ne ya cinye su ba.

Ainihin ciwon shi ne mutane sun ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Abin da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki masu yawa ke rabawa, har a kudancin Maraɗi gamana, wato gayaunar mata da ta samari, ta fara ɓacewa. Takarda ba ta ƙara faɗin gona. Nijar, a dokar karkara ta 1993, ta amince da haƙƙin gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye don rubuta aro da jingina da saye gaban shaidu. Ina kira ga hakimanmu da ƙananan hukumomi su ɗauki wannan: a rubuta aro da wa'adinsa, domin yaro ya zuba taki ba tare da fargabar a ƙwace baɗi ba, a ba 'ya'ya mata gadonsu kamar yadda shari'a ta yanka, a kuma ware wa matasa kaso a filayen noman rani na gwamnati.