Kafanchan: Garin da Dogo Ya Raya

Kafin zuwan jirgin ƙasa, Kafanchan ƙaramin mazauni ne na mutanen Fantswam. A 1927 layin gabas da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya iso nan ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Kaduna ya haɗu da layin Legas zuwa Kano, ɗayan ya hau tudun Jos. Kada a yi zaton Turawa don talaka suka shimfiɗa shi. Kuzar Jos da kwal ɗin Inugu suke hange. Amma talaka ya ci moriya. Ma'aikatan reluwe, Inyamurai da Yarbawa da Hausawa, suka yi kaka-gida, kasuwa ta cika, doya da citta suka samu hanyar fita. Da layin da ya tashi daga Kuru, a kan reshen Jos, ya isa Maiduguri a 1964, tashar Kafanchan ta ƙara nauyi. Yau kuwa taragu na tsatsa, ciyawa ta rufe dogo, tireloli na ragargaza tituna da kayan da jirgi ɗaya zai kwashe. Masu mulki, kun gina sabon layin Abuja zuwa Kaduna, madalla. Ku waiwayi Kafanchan.