Hawainiya Ba Ta Keji Ba Ce

Daga wani Jami'in Ilmi, Daura

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane da yawa waɗanda suka ɗauki kiwon hawainiya abin sha'awa, kamar yadda mu ke kiwon tattabaru. Sukan gina mata keji na waya, su kunna mata fitila, su sayo mata gyare da tsutsa ta ci. Wanda ya sami irin da babu ita a hannun kowa, shi ne gwani a cikinsu. A da labarin nan ba ya isowa gare mu. Yanzu kuwa wayar hannu ta kawo shi har zaure, yaro yana zaune a Daura ya ga hawainiya ja da shuɗiya, ga kuɗinta an rubuta da dalar Amurka. Daga gani sai sha'awa, sha'awar kuwa iri biyu ce. Ɗan mai kuɗi zai so ya sayo ta ƙetare, ɗan talaka kuwa zai so ya kamo ta gida ya sayar. A ganina duka biyun ɓata ne, kuma malaman makaranta da ma'aikatan hukuma su ya kamata su fara gane haka tun abin bai yi jijiya ba.

Ba na ganin laifin wanda hawainiya ta ba shi sha'awa, gama halitta ce mai ban al'ajabi. Masana sun ƙidaya fiye da iri 200 a duniya, kusan rabinsu kuwa a tsibirin Madagaska su ke. A can ne a ke samun wadda tsawonta ya kan wuce ƙafa biyu. A can ne kuma a shekarar 1921 da ɗari, watau 2021, aka bayyana wata 'yar mitsitsiya mai suna Brookesia nana, wadda namijinta bai cika inci ɗaya ba har da wutsiya. Akwai wata a kudu maso yammacin tsibirin wadda ta kan yi wata takwas ko tara a cikin ƙwai, in ta fito ta yi wata huɗu ko biyar kurum a duniya, ta hayayyafa ta mutu. Idanun hawainiya kowanne yana juyawa shi kaɗai, ɗaya gabas ɗaya yamma. Harshenta ya kan kai ninki biyu na jikinta, da shi ta ke cafke fara tun daga nesa.

Batun rikiɗa kuwa, mu kan ce duk abin da ta hau sai ta ɗauki launinsa. Maganar ba haka ta ke ba ɗungum. Yawancin rikiɗarta magana ce ta ke yi da 'yan'uwanta, ko fushi, ko neman aure, ko tsoro, wani lokaci kuma don ta sha zafin rana ko ta rage shi. A 2015 masanan Jami'ar Jeniba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa a cikin fatarta akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu walƙiya a jere. In ta natsu sai su matsu da juna, a ga kore. In ta harzuƙa sai su buɗe, a ga rawaya ko ja. Wannan ai darasi ne da zai cika aji da murna.

To, amma mu dubi yadda halittar nan ta ke isa hannun masu keji. Lissafin cinikin da aka tattara ya nuna cewa tsakanin 1977 da 2001 an fitar da hawainiya fiye da 800,000 daga ƙasashensu. Madagaska da Tanzaniya da Togo su suka fi sayarwa, Amurka ta fi kowa saye. Ku lura da sunan Togo a nan, ƙasa ce ta Afirka ta Yamma, kuma irin da ta fi fitarwa ita ce hawainiyar Sanagal, wadda mu ma muna da ita a dazuzzukanmu. Abin ya yi yawa har a 1995 aka dakatar da fitar da hawainiyar Madagaska, in ban da iri huɗu. Wannan lissafi na waɗanda suka bi ta hanyar doka ne. Na ɓarauniyar hanya kuwa, misali ɗaya ya isa. A watan Janairu na 2021 ma'aikatan kwastan a filin jirgin saman Biyana, babban birnin Ostiriya, suka kama wani mutum da ya taso daga Tanzaniya da hawainiya 74, ya cusa su cikin safa da ƙananan robobi a akwatinsa. Dabbar da ba ta iya zama da 'yar'uwarta a reshe ɗaya, ita aka ɗaure cikin safa aka ƙetare teku da ita.

Abin da ya fi muni a cikin sha'awar nan shi ne son abin da ba a samu. Irin da ta fi ƙaranci ita ta fi tsada, wadda ta fi tsada kuwa ita mafarauta su ke bi, sai ƙarancinta ya ƙaru, kuɗinta ya daɗa hawa. Waɗansu irin ba su da mazauni a duniya duka sai kan dutse guda ko ɗan kurmi guda. A yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na ire-iren hawainiya suna cikin haɗarin ƙarewa, galibi sabo da sarar daji, sa'an nan ga 'yan ciniki sun zo suna tsince ragowar.

Masu kiwon suna da hujja, kuma adalci ne a ji ta. Sun ce yawancin abin da ke hannunsu yanzu a keji aka haife su, musamman hawainiyar Yaman mai doguwar hula, da wata ta Madagaska mai launi iri iri, kuma wannan yana rage farautar na daji. Gaskiya ne, kuma waɗansunsu sun ƙaru duniya da ilmi a kan ƙwai da abinci da cututtukan dabbar. Amma wannan hujja ta tsaya ga iri kaɗan waɗanda suka yarda da keji. Mai neman sabuwar iri wadda ba a saba gani ba, dole daga daji za a cirota. Har wa yau akwai wata ɓarna ta dabam. A 1972 wani ɗan kasuwa ya kai hawainiya mai ƙaho uku daga Kenya zuwa tsibirin Hawai, ya sake su a bayan gidansa don su murmure daga wahalar tafiya. Suka bazu cikin daji, suka shiga cin dodon-koɗin itatuwa na tsibirin, wanda da ma ya kusa ƙarewa. Baƙon da ba a yi shirin saukarsa ba, mai gida ya kan kora.

Sai mu dawo gida mu tambayi kanmu, shin ko hawainiyar ƙetare za ta rayu a Daura? Yawancin masu tsadar nan daga kurmi mai laima su ke, waɗansu daga kan duwatsu masu sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi ya kan haura digiri 40, da hunturu kuma iska ta bushe har leɓe ya tsage. Hawainiya ba ta saba shan ruwa a kasko kamar kaza ba, raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye ta ke lasa, sabo da haka sai an riƙa yi mata yayyafi kullum. In an tsare ta a ɗaki ba hasken rana, ƙashinta ya kan yi laushi har ta kasa riƙe reshe, sai an sa mata fitila ta musamman, ga wutar lantarkinmu mai zuwa da ɗaukewa. Ba ta cin dawa ko dusa, sai ƙwari masu rai. Tamatar in ba ta sami ƙasa mai laima da za ta haƙa ta binne ƙwai ba, ƙwan ya kan tsaya mata a ciki ya kashe ta. Wanda ya sayo ta ya sayi gawa ne da tsada, ya kuma ɗauki alhaki. Kowane almajiri ya san labarin matar da aka yi wa azaba a kan kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba.

Ga kuma doka. An ƙulla yarjejeniyar CITES a 1973 don tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga, ta fara aiki a 1975. Tun 1977 aka sa hawainiya cikin jerin dabbobin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izni. Nijeriya ta yi dokarta a kan wannan a 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Masarautar Daura tana bakin iyaka da Nijar, daga Kongolam zuwa Zangon Daura da Baure, sabo da haka wannan ba labarin nesa ba ne ga dagatai da malaman daji da masu karɓar kuɗin kasuwa.

Wanda ya ce hawainiya ta yi yawa a ƙasarmu ba za ta ƙare ba, ya tuna da gauraka. Dattawa sun san lokacin da ta ke sauka garke garke a fadamun Arewa. Kyanta ya jawo mata, aka yi ta kamawa a kai gidajen manya don ado, aka yi ta fitarwa ƙetare, fadamun kuma suka zama gonaki. Yau tsuntsuwar da a ke kira ta ƙasa da ƙyar a ke ganinta a dajin Nijeriya. Aku ma haka, sai da aka kai a taron CITES na 2016 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ba wanda ya yi nufin ƙarar da su, kowa ɗaya kurum ya ke so a gidansa.

Abin mamaki, muna hangen ta Madagaska alhali tamu ba mu san ta ba. A arewacin Nijeriya akwai hawainiyar Sahel, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, mai tuluwar ƙeya, namijinta yana da ɗan tsiro a diddigen ƙafar baya kamar na zakara. Akwai kuma ta Sanagal, mai shafaffen kai. Ita wannan ta Sahel akwai ɗan garkenta a kudancin ƙasar Girka, kusa da garin Pilos, ana jin daga Masar aka kai ta tun zamanin da. Can gadinta a ke yi da doka, masana na zuwa kallonta. Nan kuwa yara in sun gan ta sai jifa, ko a busar da ita a kai shimfiɗar 'yan magori. Ba ta da dafi, ba ta cin amfanin gona. Hausawa kan ce wa mutum hawainiyarsa ta kiyayi ramarsu, amma in za a bi gaskiya, hawainiyar da ta hau rama farin da ke cin ramar ta zo ci.

Mu mutanen Daura mun fi kowa sanin labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Wannan kisa yana da dalili, domin macijin ya tsare wa gari ruwan sha. Darasin da ya kamata yaro ya ɗauka a bakin rijiyar nan shi ne a kau da abin da ke cutar jama'a. Amma ba a ce duk mai jan ciki ko mai ɓawo a jiki abokin gaba ba ne. Hawainiya ba ta tsare wa kowa rijiya ba.

Sabo da haka ga shawarata ga malamai, musamman masu koyon aikin malanta, waɗanda gobe azuzuwa ke hannunsu. Wanda ke da sha'awar hawainiya ya yi kiwonta da ido da alƙalami. Kowace makaranta ta ajiye littafi guda. Duk yaron da ya ga hawainiya ya zo a rubuta ranar, da wurin, da itacen da ta hau, ko sabara ce ko geza ko kurna, da kimanin tsawonta, da launinta, da ko tana da tsiron diddige. Kada a kama, kada a ɗauko. Da damina da kaka aka fi ganinta, da dare kuwa ta kan yi fari fari a ƙarshen reshe tana barci, tocilan kaɗai ya isa a hango ta. In makarantun Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Baure suka riƙe wannan shekara biyar, za a san inda ta ke da inda ta fara ɓacewa, kuma yaran za su koyi lura da auna abu da rubuta gaskiya, waɗanda su ne tushen kimiyya. A bar shingen makaranta da 'yan itatuwansa, a rage ƙona ciyawa da fesa maganin ƙwari barkatai, gama wanda ya kashe fara da guba ya kashe mai cin fara.

Ga ma'aikatan ƙananan hukumomi kuma, in kun ga baƙo yana sa yara su tara masa hawainiya a buhu don 'yan kuɗi kaɗan, ku tambaye shi takardarsa, ku sanar da malaman daji da hakimi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, abin da za a ba yaron kuwa bai kai kuɗin kejin da za a sa ta ba.

Ta Madagaska a bar ta a Madagaska, ta Daura a bar ta a kan sabararta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane, amin.