In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

 

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Galibinsu mutanen Kance ne ta jihar Damagaram, kuma nan Tamanrasset suka nufo. Motocinsu suka lalace, ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta ƙarasa su, babu wanda ya ji kiransu a kan kari. Allah ya jiƙansu da rahama. Mun tuno da su ne domin batun da za mu tattauna a yau, wato yadda saƙo yake tashi daga wuri ya isa wani wuri, a jikinmu da kuma a na'urorin da muke riƙewa, da abin da ya wajaba mu yi idan saƙon ya yanke.

Kowane saƙo yana buƙatar abu uku: mai aikawa, da hanya, da mai karɓa. A jikin ɗan'adam, cikin hikimar Mahalicci, hanyoyin biyu ne. Ta farko ita ce jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka ratsa ko'ina, masu ɗaukar saƙo ta ɗan ƙaramin lantarki. A mafi saurinsu saƙo yana cin mita 120 a daƙiƙa guda. Da mota ce mai irin wannan gudu, da ba ta cika awa ɗaya ba daga nan zuwa In Guezzam, tafiyar kilomita wajen 400. Shi ya sa idan hannu ya taɓa butar shayi mai zafi, laka takan ba da umurnin janye shi tun kafin mutum ya gama sanin ya ƙone.

Hanya ta biyu ita ce jini, wanda yake ɗaukar wasu sinadarai da likitoci suke kira homon. Wannan ta fi kama da gidan rediyo: tasha tana watsa shiri ga kowa, amma sai akwatin da aka murɗa daidai yake kamawa. Ga misali. Idan muka yi ta zufa, ruwan jini yakan ragu, gishirinsa ya yi kauri. Akwai wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwa da yake gane wannan canji ko da bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Nan take sai ya aika saƙo biyu. Ɗaya zuwa ga hankalinmu, shi ne ƙishirwa. Ɗayan kuwa homon ne mai suna basofiresin, wanda yake zagaya jiki cikin jini, ƙoda ta karɓe shi ta fara tattalin ruwa. Dalilin ke nan da fitsari yake raguwa, ya yi ja.

Wayar salula ma haka take. Tana mayar da muryarmu igiyoyin rediyo masu gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ta miƙa su ga dogon ƙarfen kamfani mafi kusa, ko na Mobilis ne, ko Djezzy, ko Ooredoo. Sai dai gudu daban, nisa daban. A shimfiɗaɗɗen fili ma da wuya irin wannan ƙarfe ya ji wayar da ta yi masa nisan kilomita 35, duwatsun Ahaggar kuwa suna iya tare saƙon tun kafin nan. Wanda ya kauce wa babbar hanya ya shiga daji, wayarsa cike da caji da kuɗi, sai ta zama kamar mai kira a cikin rijiya. Abin da muke cewa babu rezo ke nan: mai aikawa yana nan, mai karɓa yana nan, hanya ce babu.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata mu gyara. Da yawa daga cikinmu suna zaton na'urar GPS tana sanar da mutane inda suke. Ba haka ba ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, da suke shawagi a nisan kilomita wajen 20,000, su ne masu magana. Na'urar da ke hannu saurare kawai take yi, ta haɗa saƙon taurari huɗu ko fiye ta lissafa wurin da take. Tana da kunne, ba ta da baki. Za ta gaya wa direba inda ya tsaya, amma ba za ta gaya wa iyalinsa ba. Mai baki a tsakiyar hamada ita ce wayar tauraro irin ta Thuraya, wadda take magana kai tsaye da tauraron da ke nisan kilomita wajen 36,000, kuma mallakarta a Aljeriya sai da izinin hukuma.

To, idan saƙo bai zo ba fa? Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma a ganinmu ita ce maganar da muka fi sakaci da ita. Bincike ya tabbatar da cewa jin ƙishirwa yana dusashewa da tsufa. Kaka tana iya yini ba ta nemi ruwa ba alhali jikinta yana bushewa. Saƙon ne ya raunana, buƙatar tana nan. Jariri kuwa ba shi da bakin faɗa, amma jikinsa yana faɗa: maɗigarsa ta loma, idanu su zurma, ya yi kuka babu hawaye, ya daɗe bai jiƙa zane ba. Yaron da ya yi ta kuka a mota cikin zafi sannan ya yi laƙwas ya daina, kada a ce ya huta, a duba shi. Haka babban da ya fara sambatu ko ruɗewa a rana, jikinsa ya yi zafi jau: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti ba tare da jinkiri ba. Mu da muke zaune a tudu mai tsawon mita wajen 1,400 muna saurin mantawa cewa zafin In Guezzam da Assamaka ba irin na nan ba ne.

Saboda haka ga shawararmu ga iyalai. Kada mu jira tsoho ko yaro ya nemi ruwa. Mu miƙa musu a kai a kai, mu kuma lura da launin fitsari. Ga mai gudawa ko wanda ya bushe, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai. Matafiyi ya bi hanyar da hukuma ta sani, da ruwan da ya ninka na kwanakin tafiyar. Kafin ya tashi ya gaya wa na gida da na can hanyar da zai bi, da motar da ya shiga, da ranar da zai isa, a kuma yi yarjejeniya: in rana kaza ta faɗi ba ku ji ni ba, ku tashi nema. Da wannan alkawari shirunsa ya zama saƙo. Masu jira kada su tsaya kunya ko tsoro. A Aljeriya lambar jami'an agajin gaggawa ita ce 14, ta jandarmomi 1055. Idan mota ta lalace, zama kusa da ita ya fi warwatsuwa, domin an fi hango mota a kan mutum, kuma hayaƙin tayar da aka ƙona da walƙiyar madubi suna kai saƙo nesa inda waya ta gaza.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya tsare mana yaranmu da tsofaffinmu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalam.