Hasken Sola a Makarantunmu da Bashin da Ke Bayansa

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janaretocin makarantu da yawa suka yi shiru. Makarantar da ta samu farantan sola, ko daga gwamnati ko daga tsofaffin ɗalibai ko daga kwamitin iyaye da malamai, ita ce yau kwamfutocinta ke aiki, famfonta ke jan ruwa, ɗalibanta na kwana ke bitar darasi da dare ba tare da hayaƙin aci-bal-bal ba. Wannan reshe yana goyon bayan a kai sola kowace makaranta, kuma ba mu sauya ra'ayi ba. Sai dai aikinmu koyarwa ne, kuma malamin da ya faɗi rabin gaskiya bai kammala darasi ba. Mun saba gaya wa yara cewa wutar sola ba ta da hayaƙi, ba ta da ƙara, ba ta da guba. Haka take a kan rufin aji. A wurin da ake ƙera farantin, labarin ya sha bamban.

Asalin yawancin farantan sola wani farin dutse ne mai ƙyalli, dangin yashi, wanda ake haƙowa daga ƙasa. Ƙurar da ke tashi wajen fasa shi tana maƙalewa a huhun mai aiki, ta jawo ciwon da ba ya warkewa. Daga nan sai a zuba dutsen cikin tanderun lantarki tare da kwal da gawayi da guntayen itace, a dafa shi a zafin da ya kusa digiri 2,000 har sinadarin silikon ya fito. Wannan silikon bai isa a yi faranti da shi ba sai an tace shi ƙwarai, kuma tacewar ce ta fi cin wuta, ta fi haɗari. Ana haɗa shi da iskar asid ya zama wani ruwa mai saurin kamawa da wuta, sannan a mayar da shi tsantsar silikon a zafin da ya haura digiri 1,000. Kowane tan ɗaya na tataccen silikon yana barin tan uku zuwa huɗu na wani ruwa mai guba da ake kira silikon tetirakulorayid, wanda idan ya haɗu da danshi yakan saki iska mai ƙona ido da fata da huhu. Ana iya sake sarrafa wannan ruwa a mayar da shi cikin aiki, amma injinan yin haka suna da tsada, kuma inda babu mai sa ido, zubarwa ta fi sauƙi.

An ga abin da hakan ya haifar. A 2008 jaridar Washington Post ta ba da rahoton wata masana'anta a lardin Henan na ƙasar Sin da ke zubar da wannan ruwa kusa da gonaki da gidajen mutanen ƙauye. A Satumban 2011 mazauna Haining, a lardin Zhejiang, suka yi zanga-zanga a ƙofar wata masana'antar sola bayan kifaye sun mutu a kogin da ke kusa da ita. A Janairun 2014 wata masana'antar tace silikon a Yokkaichi ta ƙasar Japan ta yi bindiga, ma'aikata biyar suka rasu. Waɗannan mutane ba su san mu ba, mu ma ba mu san su ba, amma irin aikin hannunsu ne ke haskaka azuzuwanmu.

Akwai kuma batun wutar da ake ƙera farantin da ita. Rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na 2022 ya nuna cewa sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera farantan sola a ƙasar Sin ake yin sa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na lantarkin da masana'antun sola na duniya ke amfani da shi daga ƙona kwal yake fitowa. Wato farantin da ba ya hayaƙi a kan rufinmu ya riga ya yi nasa hayaƙin a wata nahiya kafin ya iso tashar jirgin ruwa. Rahoton ya ƙara da cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tataccen silikon na duniya a lokacin daga yankin Xinjiang yake. Game da wannan yanki an yi zargin tilasta wa 'yan ƙabilar Uygur aiki, zargin da gwamnatin Sin ta musanta, amma wanda ya sa Amurka ta yi doka a ƙarshen 2021 da ta hana shigar da kayan yankin sai an tabbatar ba da aikin dole aka yi su ba. Mu 'yan ƙwadago ne. Ƙungiyar da ke neman a biya malami haƙƙinsa a kan kari ba za ta ce halin ma'aikacin masana'anta bai shafe ta ba don kawai yana nesa.

Kada mai karatu ya ɗauka muna kiran a koma ga janareta. Rahoton da muka ambata shi ne ya nuna cewa cikin wata huɗu zuwa takwas na aiki faranti yakan rama hayaƙin da aka fitar wajen ƙera shi, alhali yana iya shekara 25 zuwa 30 yana ba da wuta. Janareta kuwa kullum aka tayar da shi sai ya ci mai, ya cika harabar makaranta da hayaƙi da ƙara, kuma ba sau ɗaya ba an ji iyali sun kwanta da shi a cikin gida sun kwana ba su tashi ba. Haka kuma ɓarnar masana'antu ba ƙaddara ba ce: a 2011 hukumomin Sin suka wajabta wa masu tace silikon su riƙa sake sarrafa aƙalla kashi 98.5 cikin 100 na ruwan gubar. Darasin da ke ciki a fili yake. Gubar tana raguwa idan an kafa doka, an kuma samu masu tsayawa a bi ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wannan darasi ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, a 2025 an ji jami'an gwamnatin tarayya suna maganar taƙaita shigo da farantan sola domin a ƙarfafa ƙera su a gida, kuma tuni hukumar NASENI tana da masana'antar harhaɗa su a Karshi, kusa da Abuja. Muna maraba da sana'ar da za ta ɗauki yaran da muka yaye. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tun kafin a aza harsashin kowace masana'anta ya kamata a san inda ruwanta zai kwarara, da abin da ma'aikacinta zai shaƙa, da wanda zai biya idan rijiyar maƙwabta ta gurɓace.

Ta biyu ta fi kusa da mu, domin tana cikin sito da bayan ofishin shugaban makaranta. Hukumar IRENA ta yi hasashe a 2016 cewa sharar farantan sola na iya kaiwa tan miliyan 78 a duniya nan da 2050. Tarayyar Turai tun 2012 ta sanya farantan cikin dokarta ta sharar kayan lantarki, ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da su nauyin kwashewa. Mu a nan, faranti idan ya tsage sai a jingine shi a lungu har 'yan gwangwan su zo su cire ƙarfen da ke gefensa, su ƙona wayoyin don jan ƙarfe, su watsar da gilashin. A cikin yawancin farantai akwai ɗan dalma da aka liƙe mahaɗan wayoyi da shi. Batir kuwa, musamman mai ruwa, cike yake da dalma da asid, kuma 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu, tun faranti yana da sauran ƙarfinsa. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan gubar dalma. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yaron da ta bari da rai takan taɓa ƙwaƙwalwarsa, ya zauna a aji yana kallon allo ba ya riƙe abin da aka koya masa. Zai zama abin takaici a ce batirin da aka sayo don yaro ya yi karatu shi ne zai rage masa basira.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilimi na jiha da na ƙananan hukumomi da kada su sa hannu a kwangilar sola sai an rubuta sunan kamfanin da ya ƙera kayan, da takardar garanti, da alkawarin ɗan kwangila cewa zai kwashe mataccen batir da fasasshen faranti ya kai inda hukumar NESREA ta amince. Araha ba ta ado: faranti marar inganci da ya mutu cikin shekara uku ya ɗauki duk ɓarnar ƙerawa bai biya ta ba. Muna kira ga shugabannin makarantu su ajiye batura a ɗaki mai iska, mai kulle, nesa da yara da wurin dafa abinci, su riƙa rubuta ranar da kowanne ya shigo da inda ya tafi, kuma kada a sayar da ko ɗaya ga mai fasa shi a bakin hanya. Muna kira ga malaman kimiyya da na labarin ƙasa da na sana'o'i su koyar da sola tun daga ramin haƙar dutse har zuwa juji, su fita da ɗalibai su nuna musu farantin da ke kan rufi, su tambaye su daga ina ya zo, wa ya ƙera shi, ina za shi idan ya tsufa.

Wakilanmu na makarantu su ƙirga farantai da baturan da ke hannunsu, masu aiki da matattu, su kawo lissafin a taron reshe mai zuwa. Da shi za mu je gaban hukuma.